Wuyan Dije

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Dije. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma duk unguwarmu a Garwa an san bakina. Na shirya 'yan'uwan da suka daina gaisawa, na sa gidan biki ya yi tsit don a ji labarina. Abu ɗaya bakin nan ya kasa: sa mutane su yarda Dije na ciwo.

Kifi banda take sayarwa. Ta saro a bakin Binuwai, ta ɗora kwando bisa gammo, ta ratsa kasuwa ko tallafe shi ba ta yi. Wata rana tana dawowa daga Maruwa a motar haya, motarsu na tsaye a shingen jandarma, babbar mota ta doke ta ta baya. Kan Dije ya fizge baya ya dawo gaba. Wasu suka kakkarye, ita ta fito ko ƙwarzane babu.

To, kun san al'adarmu. Gida ya cika da 'yan barka da arziki, aka toya masar sadaka, tana ta amsa gaisuwa. Sai da gari ya waye wuya ya sandare. A asibiti aka ɗauki hoto, dokta ya ɗaga ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, ya ba ta ƙwayoyi. Maɗori ya laluba ya ce bai ga abin ɗorawa ba, amma don kada mu koma hakanan, ya ja kan har ta ga duhu. Shi ke nan magana ta rufe. Macen da aka ci masar barkarta, in ta ce wash, sai a ce ta raina rahamar Allah. Mijinta ya ce son jiki ne, maƙwabta suka ce ta gaji da talla.

Na bi gida gida ina bayani: ciwon kan da ke taso mata daga ƙeya, jiri, hannun da ke mutuwa, yadda take juya kafaɗu gaba ɗaya in za ta sallame salla. Su saurara baki buɗe, su ce, kai Hajja, kin iya labari. Iyawar tawa ma ita ta cuce ta. Rannan ta riƙe mini zane ta ce, “Adda, ki bari haka. Da ƙafa na karye, da tuni na huta.”

Ta koma ɗaukar kwando. Kwandon na ƙanƙancewa har ya koma faranti, ta zauna da shi a ƙofar gida.

Yau Garwa ta cika da moto, wato babura, karo kullum. Kwanan baya aka buge matar maƙwabcina. Aka ɗaura mata wani farin abu mai taushi a wuya, ana kai ta wajen masu koya wa wuya motsi a hankali, ko tulu ba a barinta ta ɗaga. Na yi mata murna, wallahi. Amma na san Dije, da tana raye, da ta juyo da dukan jikinta ta ce ashe sai an rataya wa mutum ciwonsa ake gani.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Dije. A zaman makoki ina ji ana cewa, Allah sarki, mace mai ƙarfi, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Abin da ya rage mata a bakin mutane ke nan, kuma ba zan iya gyarawa ba.

Ni na riƙe kanta wajen wanka. Da za mu juya ta, na ce wa matan, “Ku bi wuyan a hankali.” Ba wadda ta yi mini musu. Suka bi shi a hankali. Allah Ya ji ƙanki, Dije.