Rawar Mai Guga

Duk unguwar an san Mai Guga da abu biyu, karin gugar da ko an kwana da wando ba ya ɓacewa, da kuma rawa a coci. Shagonta ɗan ƙarami ne: tebur shimfiɗe da tsohon bargo, dutsen guga, kwalbar yayyafa ruwa mai hujajjen murfi, sai igiyar rataye riguna. A nan ta tsufa a tsaye. In ka kawo mata riga, sai ta duba wuyan, ta gaya maka abin da matarka ba ta iya ba, sannan ta karɓa.

Sai da furfura ta fara fito mata ta karɓi Yesu. Kafin nan masifarta ta isa ta tashi layi guda daga barcin rana, ga kuma tsoron mutuwa da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wata Lahadi ta kai wa mawaƙan coci rigunansu a makare, ta tsaya bakin ƙofa tana shirin yin faɗa in wani ya ce uffan. A nan ta ji fasto yana cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mun gyaru ba. Ita da ba ta yarda ko ƙyalle ya fita shagonta a yamutse ba, wai Allah yana karɓar mutum a yamutse. Ta zauna a bencin baya da riguna a cinya, ta sha kuka har ta jiƙa rigar shugaban mawaƙa.

To, da me za ta gode? Muryarta kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Karatu kuma sai da lalube. Ƙafafu ne kawai Allah ya ba ta masu kyau, su ta ba shi. Da an buga gangar waƙar yabo za ta fito tsakiya, ta rausaya har gaban bagadi ta dawo, ba ruwanta da masu murmushi.

Sai ga tsautsayi. Ta zame a kan ruwan da ta zubar da hannunta a shago, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ta sake faɗuwa, ita da tsayuwa har abada. Ɗanta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, don haka tsaron ya faɗa hannun matarsa. Nas ce, doguwa, marar yawan magana, irin mutanen da ke yin waƙa a coci leɓe ko motsi ba ya yi. Mai Guga na ƙaunarta, amma ta sha faɗa a gabanta cewa an yi yarinyar nan ne da sitaci.

"Mama, an hana rawa," in ji Nas ranar da suka koma coci. "Ki yabi Allah a zaune, yana ji."

"Na san yana ji, 'yar nan. Ni so nake ya gani."

Nas ta zaunar da ita can ƙuryar benci, bango a dama, ita a hagu, ta kuma tura sandar tsohuwar ƙarƙashin ƙafafunta. Aka buga ganga. Mai Guga ta zauna yatsun ƙafarta suna ta aiki cikin takalmi, hawaye na bin kumatunta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta ji kamar an ba ta kyautar duniya an kuma rufe mata baki.

Amma ba a yi Mai Guga don haƙuri ba. Lahadi ta gaba, daidai an fara waƙar yabo, ta matsa kusa da kunnen surukarta.

"Fitsari."

Me nas za ta ce wa tsohuwa mai fitsari? Ta miƙa mata sanda. Ban-ɗaki yana baya, amma Mai Guga ta lura hanyar gaba ta fi faɗi. Ta bi ta nan, sanda na sauka tare da ganga, kafaɗa na ɗan gaisawa da jama'a. Da ta dawo ta zauna tana haki, ta ce Allah ya sauwaƙe tsufa.

Makon da ya biyo Nas ta kai ta ban-ɗaki tun kafin a shiga. Sai ta sauya dabara. Mai buga gangar tela ne, maƙwabcin shagonta, wanda ta daɗe tana rufa masa asirin karkataccen ɗinki da dutsen guga. Ta aika aka kira shi gida.

"Ka rage gudun gangar nan. Ka buga ta daidai tafiyar mai sanda."

"Iya, surukarki za ta tsire ni da allura."

"Ni kuma in daina danne maka aljihun da ka ɗinka a baibai."

Ranar Lahadi ganga ta fito a hankali, har shugaban mawaƙa yana waiwaye. Mai Guga ta miƙe.

"Ina kuma, Mama?"

"Likita ya ce in riƙa tafiya. Ko kin fi shi ne?"

Ta kai tsakiya lafiya. Amma waƙar ta zo wurin da ake cewa an wanke mu da jininsa, tela ya manta da yarjejeniya, ita ma ta manta da ƙarfe. Ta juya ƙugu irin na da. Ƙafar hagu ta ce ba da ita ba. Da wani dattijo bai tare ta da ƙirji ba, da a nan labarin tsayuwarta ya ƙare.

A gida Nas ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta durƙusa tana duba ƙafar.

"Mama, ni ke juya waɗanda suka faɗi sau biyu a kan gado. Na san yadda suke ƙarewa. Ba na so in juya ki."

Mai Guga ta kalli ƙeyar yarinyar. Wasa ya fita daga muryarta.

"Ke a cikin coci aka haife ki, 'yar nan, ba ki san yadda waje yake ba. Ni na daɗe a can. Yesu ya same ni ba wanda ke so na, ya yafe mini, ya cire mini tsoron kabari. Ba ni da murya, ba ni da karatu. In na zauna shiru, ji nake kamar ban gode ba." Ta share ido. "Amma na ji. Ba zan ƙara ba."

Ta kuma cika alkawari. Lahadin da ta biyo ta shige ƙurya da kanta, ta miƙa sandar ba a tambaye ta ba. Aka buga ganga, ta sunkuyar da kai, ko yatsun ba su motsa ba. Sai ta ji an zura hannu ta bayanta an riƙe ƙugunta gam, irin riƙon da ake yi wa majinyaci.

"Tashi, Mama. Ki sakar mini nauyinki duka. Dama taki, hagu tawa."

Suka fito tsakiya. Tela ya gan su, ya sassauta hannu ba wanda ya roƙe shi. Mai Guga ta ji ƙafarta ta hagu da ƙyar take taɓa ƙasa, wata ce ke ɗauke da ita, ita nata kawai murna. Ta tuna haka aka yi mata tun farko a bencin baya, ba da ƙafarta ta iso wurin Allah ba. Ta ɗaga hannu ɗaya sama tana kuka tana dariya, tana ta faɗin na gode, Yesu, da muryar nan tata ta tsohuwar ƙofa.

Nas kuwa tana tafe a sandare, ido a ƙasa, tana lura da kowane taku. Da suka kusa bagadi Mai Guga ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Tunda hagun taki ce, 'yar nan, ki motsa ta mana. Kada Ubangiji ya ce rabin godiya na kawo."

Nas ta ciji leɓe, ta ƙara riƙe ta, ta motsa.