Tsohuwa Mai Reshen Hano

A tashar motar Zermu na gan ta. Gajeruwar tsohuwa ce, zanenta duk ya koɗe, tana rungume da wani reshe kamar mai riƙe da jariri. Reshen hano ne, itacen nan na kan duwatsu mai saɓar ɓawo kamar takarda. Ko ganye ɗaya babu a jikinsa.

Direba ya ce, "Iya, icen girki a saman mota ake ɗaure shi."

Sai ta sa farce ta kankare ɓawon, sai ga kore shar, da ɗan ƙaro mai ƙamshi. Ta kai masa hanci.

"Shaƙa, ɗana. Wannan ne icen girki? Da rani tuɓe ganye yake yi, a haka yake fure. Cikin tsakuwa zan kafa shi, ba a cika masa ruwa."

Ni kuwa ina tsaye cikin kakin gandun daji, shekara uku na yi a lakwal, makarantar aikin daji, ina haddace sunansa na boko. Ita ƙila a gindinsa ta yi wasan ƙasa, uwarta na ɓarar ɓawon magani. Wallahi haushin farcen nan nata nake ji, baƙi ƙirin, a tsage, amma ya fi ni sani.

Ko gaishe ta ban yi ba. Watan jiya na sa aka tumɓuke hano goma sha biyu a bayan bironmu, wato ofishinmu, na rubuta cewa sun mutu. Ko ɗaya ban kankare ba.