Kilishin Kawu a Rumfar Ayi

Har yau idan na ji ƙanshin kilishi sai raina ya ɓaci, alhali ni Bakanuwa ce da ta tashi da shi a baki. Kawuna ne ya jawo mini wannan, ƙanin mahaifiyata, wata ranar Asabar a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, lokacin ina karatun haɗa magunguna a jami'a.

Kawu ɗan kasuwa ne, wandunan jins yake sarowa a Xintang ya kai Kano. Duk zuwansa ni ce bakinsa, ni ce kunnensa, don Sinancinsa bai wuce kalma biyu ba: lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Da su yake ciniki, da su yake faɗa. Abinci kuwa bai yarda da na kowa ba. Tsoron alade ya sa ko a gidajen abincin Musulmi da ke kan titin Huanshi sai ya tsaya yana leƙen tukunya. Burodi da shayi ne abincinsa, sai kilishin da yake cusowa a tsakanin rigunansa tun daga gida.

Ina da ƙawa guda a garin, 'yar ajinmu, haifaffiyar can. Mahaifiyarta nake kira Ayi, kamar yadda muke cewa inna ko gwaggo. Shekarata ta farko na sha kaɗaici ba kaɗan ba. A jirgin ƙasa idan na zauna, na kusa da ni sai ya matsa. Gidan Ayi ne kaɗai ƙofar da aka buɗe mini aka ce in shigo in cire takalmi. Tun rasuwar mijinta ta yi alkawari a addininsu cewa ta bar nama, da ƙwai, da madara, da duk abin da ya fito daga jikin dabba, kuma shekaru masu yawa ba ta karya ba. Saboda haka a gidanta nake cin abinci hankali kwance. Da ta ji cewa Musulmi ba ya shan giya, ba wanda ya roƙe ta, ta kwashe kwalbar giyar girki daga kicin ɗinta, ta ce ba za ta riƙa tunanin wace tukunya ce tawa ba.

To a shekarar da abin ya faru ne masu irin cin abincinta suka shirya biki a wani fili kusa da unguwarsu, Ayi ta samu rumfa a karon farko. Ta yi ta murna kamar yarinya. Ta gayyace ni, da ta ji kawuna yana gari ta ce lallai in zo da shi.

Na zaunar da Kawu a masaukinsa na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce wurin nan babu nama, kuma ba rashi ne ya hana su ba, ba sa so ne. Na gaya masa alkawarin Ayi.

Ya ce, "To me suke ci? Ciyawa?"

"Awara, Kawu, da su gwaza da kabewa. Ka ga yau za ka ci ka ƙoshi ba fargabar alade."

"Allah ya kyauta. Me za mu kai wa matar? Ba na shiga wurin mutane hannu rabbana."

Na nuna masa ledar lemo da na saya. Ya kalle ta ya taɓe baki, ya ce wannan ai tsarabar dubiyar asibiti ce. Na ga idonsa ya koma kan akwatinsa, na ce, "Kawu, don Allah ban da kilishi." Ya ce ya ji. Wallahi ya ce ya ji.

Filin ya cika maƙil. Rumfuna jere, tururi na tashi daga kwandunan gora, ga ƙanshin man riɗi ko'ina. Awara kala-kala, wata soyayya, wata mai laushi kamar kindirmo, wata an murɗa ta an rina ta har ka rantse tsokar kaza ce. Kawu da babbar rigarsa ya zama abin kallo, kuma ya ji daɗin hakan. Duk rumfar da muka tsaya sai ya leƙa ya ce, "Lawban, nama meyo?" ya kwashe da dariya shi kaɗai. Na ce ya rage murya. Ya ce ai ba sa ji.

Ayi ta tarbe mu da fara'a. Wainar gwaza ta yi, da awara mai cushe da ganye, ta jera su a faranti gwanin sha'awa. Ta zuba wa Kawu da hannunta. Ya ci, ya ƙara, har ya ce mini a kunne ashe matar ta iya girki, gishiri ne dai bai ji ba. Sai ya ce ƙishirwa yake ji. Ƙawata tana sallamar masu saye, ni kuma na tafi layin masu matse rake in samo masa.

Da na dawo da kofi biyu a hannu, abin da na fara hangowa takardar nan ce mai ruwan ƙasa da ake naɗe kilishi, a buɗe a kan teburin Ayi, mai ya jiƙa ta. Kawu ya ɓalla ya ɗora wani a gefen farantin awara, yana nuna wa mutane da hannu su ɗanɗana. Ayi kuwa tana tauna. Tana tauna tana gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa saboda yaji. A wurin da kowa ke kawo abin da ya yi kama da nama amma ba nama ba, me zai sa ta yi zargi? Baƙo ya miƙo mata abu da hannu biyu, ta karɓa.

Ƙawata ta juyo tana murmushi ta ce mini, "Mama ta ce akwai gyaɗa a ciki. Da wane irin wake kuke yin sa?"

Kawu yana ta washe baki yana cewa, "Gaya mata na musamman ne, ni na tsaya aka yi shi." Na so in ce waken suya ne. Kalmar tana bakina. Amma matar nan ba ta taɓa sa mini abin da ban sani ba a kwano, kuma ga wasu sun fara miƙo hannu.

Na ce, "Naman sa ne."

Ayi ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki tsumma ta juya baya ta fitar da abin da ke bakinta, ta kuskure da ruwan shayi, ta sake kuskurewa. Wata mata da ta riga ta ɗauki guntu ta yar da shi ta fara masifa, nan da nan wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar mu. Wani daga cikin masu shirya bikin ya zo, ya dubi takardar, ya dubi farantin, ya yi magana da ƙawata a hankali. Dokarsu ce, rumfar da aka ga nama a kanta ta gama ciniki ranar. Ayi da kanta ta ɗauki farantan ɗaya bayan ɗaya ta juye a ledar shara, har waɗanda kilishin bai kusanta ba.

Kawu ya ce, "Ke, me take yi haka? Abinci take zubarwa? Kuma tofar da kyautata ta yi a gabana?"

Na naɗe takardar na cusa masa a hannu na ja hannun rigarsa. Ban taɓa jan babba haka ba. Na ce wa Ayi ta yi haƙuri, na faɗa da duk Sinancin da na iya. Ta gyaɗa kai ba ta dube ni ba. Ƙawata ta ce, "Ku tafi kawai."

A hanya na kasa riƙe bakina.

"Kawu, ban ce maka ban da kilishi ba?"

"Ke 'yar nan, karamci na yi. Mace ta ciyar da ni, in ba ta lemo? A gidanmu wa ake girmamawa da lemo? Abin da ya fi daraja a akwatina na ba ta."

"Ba ta cin nama!"

"Ai na sa ne, yankan Musulmi. Ba mushe ba ne, ba alade ba."

"In wani ya ba ka alade ka tauna, ya ce ai mai tsabta ne, ya za ka ji?"

Ya tsaya cak a tsakiyar titi. "Sa kike haɗawa da alade? Karatun da aka turo ki ke nan?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaskiyarsa yake magana. Mutumin da ya ƙetare rabin duniya yana cin busasshen burodi don kada haram ya shiga cikinsa, ya kasa gane cewa wata ma tana da abin da take kiyayewa. A wurinsa duk wanda ba ya cin nama ko dai talaka ne ko mara lafiya, ko kuma bai samu mai kyau ba ne. Ya ji bayanina sarai, ya dai ɗauka shirmen yara ne. Na ce ya zo mu koma ya ba ta haƙuri, ni zan fassara. Ya ce shi aka wulaƙanta, shi za a ba haƙuri. Har ya bar garin bai sake tayar da maganar ba, sai dai na ji daga baya yana ba da labarin a gida ana dariya, wai ya kai wa Sinawa kilishi sun rufe kasuwa.

Ƙawata ba ta daina gaishe ni a aji ba, amma ta daina ajiye mini kujera. Na bari kwanaki suka wuce, na sayi furanni na tafi gidan ni kaɗai. Ayi ce ta buɗe. Ta rame. Ƙawata ta ce tun ranar take zuwa wurin ibadarsu kullum da safe, kuma ta ce ba za ta sake neman rumfa ba. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda zan yi wa mahaifiyata, na ce laifinmu ne. Ta ɗaga ni ta ce ta san ba ni ba ce, ya wuce.

Ta shiga kicin ta haɗo shayi. A gidan nan ina da kofina, wani mai zanen kifi, ni kaɗai ke sha da shi, ina hango shi a kan kanta daga inda nake zaune. Ta kawo wa 'yarta nata, ta ajiye nata, ni kuma ta miƙo mini a kofin takarda, irin wanda ake ba mai gyaran famfo. Na shanye, na yi godiya, na fito da kofin a hannuna don ban ga inda zan ajiye shi ba.