Dangar da Mushe Ya Kafa wa Magana

Jiya, wajen sadakar cikar malaminmu shekara da rasuwa a Tasawa, ɗan ƙanensa ya fiddo wata takarda ta Ingilishi, ya karanta wai marigayi ya bar masa gonar Maijirgi, wadda iyalin marigayin ke ci da ita. Har ya saka ƙaryar tsakanin alamun zance.

Marigayin, da muke kira Mushe yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, shi ne ya koya mana Ingilishi a lakwal, rigarsa kullum da ƙurar alli da ƙanshin goro. Waƙafin da ke bin mabuɗin jimla yakan kira shi numfashi, alamun zance kuwa danga. Na zauna Kumasi da Abijan, na ga Faransanci na kafa dangarsa a gefe, Ingilishi na rataye tasa a sama, amma ban ga mai tsaronta kamar Mushe ba. Wata rana na ƙara kalma guda cikin maganar wani a kayena, wato littafin rubutuna. Ya murɗe mini kunne, ya ce, "Kai, ka tsallaka danga ka yi shuka a gonar mutum. Ɓarawo ke haka."

Ni na yi jinyarsa har ya cika, bai faɗi maganar da ke cikin takardar nan ba.

Mai takardar ya ce mini, "Baba, ai ga shi a rubuce."

Na ce, "Ɗana, adana ta. Gobe alƙali zai ji bakina."

Allah Ya haskaka kabarin Mushe. Wanda ya cusa masa magana a baki kuwa ban yafe ba. Allah Ya kunyata shi gaban jama'a kafin geron gonar ya nuna.