Shirun da Aka Hana Babana

Babana tsohon malamin firamare ne a Kafanchan, kuma duk cocinmu babu mai gajeriyar addu'a kamarsa. In aka ce ya rufe taro, kafin mutane su gama sunkuyar da kai ya ce amin. Har tsokanarsa ake yi, wai sauri yake kar tuwo ya huce. Amma kullum da safe sai ya ja kujera bayan ɗaki, inda muke shanya citta, ya zauna bai ce uffan ba. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa ko barci yake yi. Ya ce, "Na gama faɗin nawa ne, ina jiran na Ubangiji. Ba a zuba wa babba surutu a tashi a tafi."

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, asibiti suka ce mu koma da shi gida. Na baro aikina a Zonkwa na zo jinya. A wajenmu kuwa mara lafiya ba na danginsa kaɗai ba ne. Zumuntar mata su zo, ta maza su zo, matasa su zo da 'yar lasifikarsu, kowace ƙungiya da ranarta. Ban ce ba ƙauna ba ce. Sun kawo kunu, sun kawo doya, wasu tun daga Fadan Kagoma suka hawo mashin. Sai dai duk wanda ya shigo ihu yake yi wa Allah, kamar mai kiran fasinja a tasha.

Wata safiya Baba ya riƙe hannuna, ya ce in rufe ƙofa, yana so ya ɗan yi shiru a gaban Ubangiji, in ya gama akwai maganar da zai faɗa mini. Ko zama ban yi ba sai ga matan zumunta a tsakar gida, sun sha anko, ɗaya rungume da tulun kiɗa.

Na tare shugabarsu a bakin ƙofa, dattijuwar da ta san ni tun ina goye. Na ce, "Mama, don Allah ku ɗan jira a waje. Baba ya ce yana son shiru."

Ta ce, "Shiru kuma? 'Yata, Shaiɗan ne yana son shiru. Ki matsa mu yi yaƙi, yau ciwon nan zai fita!"

Na sake roƙonta. Ƙanen Baba ya daka mini tsawa daga baya, wai zan kori mutanen Allah in ja wa gida abin kunya. Suka ture ni suka cika ɗakin.

Aka ɗauki waƙa, aka zarce da addu'a, kowacce da tata, kowacce tana so ta fi ta kusa da ita murya. Na hango Baba yana nemana da ido, leɓensa na motsi. Na kutsa, na durƙusa, na kai kunnena bakinsa. Ɗumin numfashinsa kawai nake ji, ƙarar tulu na dukan ƙeyata. Na ɗago na ƙwala ihu, "Ku yi shiru!" Suka ɗauka Ruhu ne ya sauko mini, suka ƙara wuta. Kafin su kai amin Baba ya cika.

Haushin matan nan bai bar ni ba har yanzu. Ina zuwa coci, ina gaishe su, amma da an buga tulu sai haushin ya dawo mini sabo.

Ranar jana'iza shugabar ta karɓi makirufo ta ba da shaida. Ta ce da idonta ta ga bakin Baba yana bin waƙarsu, ya tafi gida yana yabon Ubangiji. Coci ya ɗauki tafi, wasu har da guɗa. Ni ce kunnena ke bakinsa. Ko kalma ɗaya ban ji ba, kuma har yau ban sani ba ko da ni yake magana ko da Allah.