Hannun da Bai Kai Ja Ba

Yayata ɗinki ta fara yi. Shekara goma sha biyar tana auna kafaɗun mata, har idonta ya daina ganin kafar allura. Da wata ƙungiyar agaji ta buɗe ɗakin ciyar da yara a bayan asibiti, aka ɗauke ta aikin awo. Ni kuma ina sito, ina miƙa ledojin abincin gyaɗa ga duk uwar da ta zo da kati. Kowa Inna Mai Awo yake ce mata, har likitan da ya girme ta.

Aikin ba wuya. Wani ɗan tef ne mai launi uku ake zagaya wa damtsen yaro. In ya faɗa ja, a ba shi kati. In rawaya ne, a ba uwarsa haƙuri da shawara, sai ka ce shawara ake haɗiya. Ba mugunta ba ce, kayan ne ba sa isa. Sauran masu awo sukan ɗan matsa tef in abin ya zo kan iyaka. Yayata kuwa, ina! Cewa take ko a ɗinki ba ta taɓa cin rabin inci ba, kuma duk ledar da ta ba wanda bai kai ba, daga bakin wanda ya kai ta ƙwace. Mun sha faɗa a kan wannan, har nakan yi kwana biyu ban gaishe ta ba.

Rannan wata mata ta zo da 'yarta a goye, takalminta ɗaya a hannu ya tsinke. Yaya ta auna sau biyu. Rawaya, saura ƙiris a taɓa ja. Na yi mata ido daga ƙofar sito, na yi gyaran murya, har kwali na buga. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa matar ta dawo bayan sati biyu a sake gwadawa. Matar ta tambaya ko sai hannun ya ƙara sirancewa ake bayarwa, Yaya ta ce ƙa'idar ke nan. Wallahi ranar ji na yi kamar in shaƙe ta.

Kwana tara sai ga matar. Yarinyar ko kuka ba ta iya yi, kanta sai lilo yake. Uwar ba ta jira layi ba, ta miƙo ɗan hannun da kanta tana murmushi.

"Inna, auna ki gani. Tun da na tafi sau ɗaya nake ba ta abinci a rana. Yanzu ta kai?"

Tef ya shige ja can ciki. Yaya ta ɗauki biro za ta cika kati, sai ta miƙo mini, ni na karɓa na rubuta. Likita ya leƙo ya ce wannan ta wuce leda, gado za a ba ta yanzu-yanzu.

Matar ta bi bayansa da yarinyar, tana waiwaye tana yi wa Yaya godiya.