Ramuka biyu a bayan rumbunmu

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar yayata, Dakta Rakiya, kuma har yanzu in na bi ta bayan rumbun gidanmu na Deule sai in ji kamar za ta kira ni da sunan da ta laƙaba mini, Sarkin Gaggawa. Waɗanda suka yi karatun likita a Yamai sun san ta a matsayin malama mai binciken ciwon daji, wadda ta ƙare rayuwarta a sunkuye kan madubin likita tana duban naman da aka yanko daga jikin marasa lafiya. Ni kuwa ƙanenta ne, Sani, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma ni na yi kuskuren da ya ɗora ta a kan wannan hanya. Na daɗe ina jin kunyar faɗa, amma bana na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tana karatu a ƙasar waje ƙari ya fito wa Innarmu a mama. Muka kai ta asibiti, aka yi mata aiki, aka miƙo mini abin da aka cire a naɗe cikin ƙyalle. A wurinmu duk abin da ya fita daga jikin mutum, mabiyiya ce ko yatsan da aka yanke, ba a barinsa a sarari. Binne shi ake yi, don yana da alfarmar mai shi. Ban tsaya shawara da kowa ba, na hau mota na koma gida, na haƙa rami a bayan rumbu, na rufe shi tun kafin la'asar, ina jin na yi abin kai.

Bayan sati biyu Yaya ta iso. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Sani, ina naman da anka hidda?" Na ce mata na binne, har ina jiran yabo. Kallo ɗaya ta yi mini ta shige ɗakin Inna. Inna ta yi shekara guda da 'yan watanni ciwon ya dawo, Allah ya karɓi abarsa. Yaya ba ta taɓa ɗora mini mutuwar ba, kullum cewa take kwana ne ya ƙare. Sau ɗaya dai, bayan sadakar bakwai, ta ce, "Mun yi hwaɗa da abokin gaba ba mu ko san sunanai ba." Wannan magana ta ƙone ni, har gobe tana ƙona ni.

A kan sanin sunan nan ta yi aikinta duka. Yadda ta fahimtar da ni, ciwon daji ba abu ɗaya ba ne, dangi ne masu yawa, kuma kowane ƙari yana da tsagarsa kamar yadda ake gane Bagobiri daga fuska. Ana jiƙa naman cikin wani ruwa mai suna formol don kada ya ruɓe, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a zuba masa rini. Rinin ne ke fito da tsagar, ita kuma tsagar ke nuna maganin da ciwon yake ji da wanda ba ya ji. Ta yi shekaru tana tara naman matan ƙasarmu tana kwatantawa, don cewa take littattafan da ta karanta ba da jikin matan Adar aka rubuta su ba. Matsalarta ɗaya: naman ba ya isowa, irina sun riga sun binne. Ta bi asibitocin Madawa da Buza da Keita da jarkar formol a bayan mota, tana roƙon likitoci, tana zama da limamai. Wasu suka saurare ta, wasu suka ce boko ya ci kanta.

Gwajin gaske a cikin gidana ya same ta. Matata Hajo ta ji ƙullutu a mama, aka sa ranar aiki, sai mahaifinta Malam Idi ya taso daga Babankatami da farin ƙyallensa a aljihu. Dattijo ne mai ilimi, mai taurin kai kamar dutsen Adar, ya ce naman ɗiyarsa ba zai kwana a kwalba ba. Ni da na san abin da rami ya jawo mana, zuciya ta ɗebe ni, na fara ɗaga murya a gaban surukina, abin da ban taɓa yi ba. Yaya, da ta zo saboda aikin, ta taka mini ƙafa. Ta cire takalmi, ta durƙusa a gefen tabarmarsa, ita da ake miƙe wa tsaye in ta shiga aji.

"Baba, gaskiya gare ka, bizne shi za a yi," in ji ta. "Aro nike nema. Ka ba ni shi in karanta, in ɗebi kamar ƙwarar wake in aje, sauran ni da kaina ka maido maka shi."

Ya ajiye tasbaharsa. Sannan ya ce, "Ɗiyata, nama a ka karantawa?" Ta ce, "Allah ya yi rubutu cikinai, Baba, mu ne ba mu iya karatun ba sai yanzu." Ya miƙa mata ƙyallen, ya ce amana ce.

Sati uku muka yi cikin zulumi. Ran nan sai ga Yaya ta sauko daga motar kasuwa, ƙura har gira, da ƙunshin farin ƙyalle a cikin jakarta da takarda a hannu. Ƙarin Hajo ciwon daji ne, amma tsagarsa ta nuna irin wanda ke jin wata ƙwaya da ake sha kullum har shekara biyar. Malam Idi ya karɓi amanarsa, ya kwance ya duba, ya ɗaure. Ni na haƙa ramin, taku biyu daga na Inna.

Daga nan labari ya bazu. Malam Idi ba mutum ne mai ɓoye gaskiya in ya gan ta ba, kuma gani ya kori ji. Duk wanda ya zo masa da tambayar abin da aka cire a jikin mara lafiya, amsarsa ɗaya ce: a bari a karanta tukuna. Yaya kuwa ta mai da abin ƙa'ida, duk dangin da suka nemi a maido musu saura, ana maido musu. Wani likita ya taɓa yi mata ba'a cewa ta zama mai aiken gawa, ta ce ta yarda, in dai masu gawar suna raye.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi dariyar nan tata mai ƙarfi in ta ga ɗalibanta, yawancinsu mata, suna ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashin madubi da waya, su aika wa abokan aiki a wata ƙasa, amsa ta dawo kafin shayi ya huce. Za ta ji daɗi in ta ji matan ƙauye suna tambayar juna bayan aiki, "An aika da naman?" kamar yadda ake tambayar ko an yi wa jariri allura. Amma ba za ta rasa faɗa ba, don ba ta taɓa rasawa ba. Har yanzu akwai masu ɓoye ƙullutu sai ya fashe, akwai masu zagaya bokaye sai ƙarfi ya ƙare sannan a tuna da asibiti. Da tana nan da ta sake ɗaukar jarkarta.

Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin aiki, ba ta yi doguwar jinya ba. Ta bar rubuce-rubucen bincike da ni ban iya karantawa ba, ta bar akwatunan kaki da ɗalibanta ke ci gaba da dubawa, ta bar likitocin da suka fito daga hannunta. Masana su auna wannan, sun fi ni sanin nauyinsa. Ni ma'aunina yana bayan rumbu. Ramuka biyu ne, duka ni na haƙa. Na farko an rufe shi ba a karanta ba, mai shi ba ta ga damina biyu ba. Na biyu an karanta shi kafin a rufe, mai shi kuwa ga ta can tsakar gida da furfurarta, jika a baya, tana ƙwala mini kira in ajiye alƙalamin nan tuwo yana hucewa.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Yaya Rakiya. Bari in je, Hajo ba ta son jira.